Me za mu kira "screen reader" da Hausa?

Jama'a, ina neman shawararku kan wata kalma. Ranar Asabar za mu zauna da wasu 'yan'uwa makafi a Tudun Wada don koya wa juna amfani da waya. Na zo ɗaukar sautin bayani da Hausa, sai na tsaya cak a kan abin nan da Turawa ke kira "screen reader".

Ga wanda bai san shi ba, manhaja ce da ke faɗa wa makaho da murya abin da ke kan fuskar waya ko kwamfuta. A Android sunanta TalkBack, a iPhone kuma VoiceOver, wadda ta shiga wayar tun 2009. A kwamfuta akwai NVDA, kyauta ce, aikin wasu makafi biyu 'yan Ostareliya, an soma ta a 2006.

Wani malami ya ce mu ce "mai karanta allo". Na gwada wa Kawuna, wanda idonsa ya rufe shekaru da dama, sai ya ce, "Allon wa? Na tsangaya?" Gaskiyarsa. Bahaushe in ya ji karatu da allo a haɗe, zuciyarsa makarantar allo take tafiya. "Mai karanta fuskar waya" kuma ya yi tsawo, ya kuma bar kwamfuta a baya.

Bayan haka ma, abin ya wuce karatu. Ku zo ku ga Kawu da wayarsa. Yakan kara ta kusa da kunne, ya shafa yatsa zuwa dama, muryar ta faɗi abu na gaba. Ya sake shafawa, ta faɗi na gabansa. In ya iso inda yake so, ya ƙwanƙwasa sau biyu, wurin ya buɗe. Ya ƙara wa muryar gudu har ni mai ido ba na tsintar komai, amma shi a haka yake duba kuɗin da suka shigo masa, ya kira 'yarsa da ke aure a Rigasa. Ai wannan jan gora ne.

Shi ya sa na ce to mu kira shi "ɗan jagora". A nan ne Kawu ya ɓata rai. Ya ce, "Kai yaro, ɗan jagora shi ne wanda ake cirewa daga makaranta a riƙa masa sanda a tafi bara. Abin da ya raba ni da dogaro da yaron wani, kada ka sa masa wannan suna." Ban taɓa kallon kalmar ta wannan fuska ba, kuma na ji kunya ƙwarai.

Da muka yi ta juyawa, shi da kansa ya ce a cire "ɗan", a sa murya: "muryar jagora". Ni dai ta kwanta mini. Tana shiga magana ba gargada: kunna muryar jagora, rage mata gudu, wannan manhaja ba ta jituwa da muryar jagora.

Jimlar ƙarshen nan ce muka fi bukata. Akwai manhajar wani banki da Kawu ya haƙura da ita, don maɓallanta ba su da suna, muryar sai ta yi ta cewa "botin, botin", dole ya miƙa wa mai POS katinsa har da lambar sirri. Haka katin gayyatar ɗaurin aure da muke turawa a WhatsApp a matsayin hoto, babu ko layi ɗaya na rubutu a ƙasa. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya ta samu sa hannun shugaban ƙasa tun Janairun 2019, amma da wuya mutum ya kai ƙorafi kan abin da ba shi da suna a harshensa.

Don Allah makafin da ke amfani da ita kullum, ku fara magana kafin mu masu ido. In ba wanda ya kawo wadda ta fi ta zuwa daren Juma'a, da "muryar jagora" zan ɗauki sautin.