Don Allah a ba ni shawara, keken ya yi hagu ko dama?

Ɗan Rigasa: Salamu alaikum 'yan gida. Ni da abokina muke haɗa gem na waya, mai Keke Napep ne yake kauce wa ramuka daga Kasuwar Barci zuwa Kawo. Duk zanen ni na yi, a tsohuwar kwamfutar da Yayata ta bar min da ta yi aure, batirin ma ya mutu, sai an kawo wuta nake aiki. Na sa keken yana tafiya daga dama zuwa hagu, haka idona ya saba tun makarantar allo. Abokin nawa kuma ya ce in ban juya ba zai zare hannunsa. Ranar Asabar za mu nuna wa mutumin. Wallahi ko barci ba na yi.

Injiniya: Ƙanena, juya shi kawai. Super Mario Bros. na 1985 dama yake yi, hoton ma ba ya barinka ka koma baya. Sonic na 1991 shi ma dama yake yi. Boko daga hagu ake karantawa, shi ya sa ido yake jiran abin da zai ɓullo ta dama.

Malama Tudun Wada: Amma Injiniya, 'yan Japan ne suka yi Mario, kuma a rubutunsu na gargajiya layukan daga dama suke farawa. Jungle King na kamfanin Taito, 1982, hagu yake tafiya.

Injiniya: Malama, wa ya san shi a gidajen gem na Kaduna? Hannun yara ya riga ya saba. Na gama magana.

Baban Ummi: Ni abokin ne ya dame ni. Haka muka buɗe shagon cajin waya da wani, da ciniki ya kankama ya fara gindaya min sharaɗi, ƙarshe har janareta ya ɗauke. Ku yi takarda tun yanzu.

Ɗan Rigasa: A'a Baba, tare muka taso, ba zai yi min haka ba. Injiniya, kuma fa a waya babban yatsan dama ke danna birki, in ramin ta dama zai fito yatsan zai rufe shi. Na gwada da ƙannena, ba wanda ya yi ƙorafi.

Injiniya: Ƙannenka ba kasuwa ba ne. Ka ɗan sauke maɓallin ƙasa, shi ke nan.

Malama Tudun Wada: Ko ka bar mai wasa ya zaɓa da kansa.

Ɗan Rigasa: Aiki biyu ke nan Malama, ga rubutun allunan shaguna duk sai na sake zanawa kafin Asabar.

Baban Ummi: Tsaya tukuna, wane mutum ne za ku nuna wa? Kuɗi zai zuba?