Ina zan kai yara yawon dutse mara wahala, inda babu cunkoso?

Baban Yara:
Salam jama'a. Ina Jos, hutun makaranta ya kusa kuma yarana sun isheni da maganar hawan dutse, babban shekararsa 11 autar kuma 5, ga Hajiyarmu ma tace da ita za'a je alhali gwiwa na damunta. Wani abokin aikina yace mu tafi Gashaka Gumti wai can ne ainihin wajen. Don Allah wanda ya taɓa zuwa, akwai hanyar da yaro da tsohuwa zasu iya takawa? Bana son inda mutane suka yi yawa, iska kawai nake so su sha.

Ɗan Mambila:
Wa'alaikumussalam yallaɓai. Gashaka Gumti kam babu kamarsa a ƙasar nan, shi ne gandun dajin gwamnatin tarayya mafi girma, tun 1991 aka kafa shi, wani ɓangare na Taraba wani na Adamawa, kuma cunkoso dai ka manta da shi don sai ka wuni baka ga wasu baƙi ba. Amma ka cire Chappal Waddi daga lissafi, wannan dutsen mita 2,419 ne, ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, tafiyar kwanaki ce a ƙafa ana kwana a daji, ko matasa sai sun shirya. Abin da iyali zasu iya shi ne yawon bakin Kogin Kam ta wajen ƙauyen Gashaka, akwai gurbin da dorina ke zama, ma'aikacin gandun zai raka ku, ba'a shiga babu shi. Matsalar ita ce nisa, sai ka je Jalingo ka bi ta Bali kafin Serti, garin da hedikwatar gandun take, zaman motar kaɗai zai gama da gwiwar Hajiya tun ba'a fara takawa ba. In zaka je ka bari sai rani, Disamba zuwa Maris, da damina rafuka na cika hanya ta yanke. Kuma akwai tsando, kar a sawa yara baƙin kaya ko shuɗi, shi yake bi.

Maman Biyu:
Haba Baban Yara, kana Jos kana neman dutse a Taraba? Ga Shere nan a bayanku. Ba sai kun hau can ƙololuwa ba, ta gefen Lamingo akwai fili shimfiɗe kusa da dam, yara su ɗan hau ƙananan duwatsu Hajiya kuma a shimfiɗa mata tabarma tana hango su. Mu da sassafe muke fita, kafin rana ta yi zafi mun dawo, sai dai lokacin hunturu a saka masu rigar sanyi don kasan sanyin Jos baya wasa. Takalmi mai rufi don Allah, banda silifas, dutse na da santsi in raɓa ta sauka. Ruwa da yawa, ɗan biredi da dafaffen ƙwai, sannan ku kwashe ledojinku, abin na min ciwo in ga yadda ake barin shara a wajen.

Malam Na Bukuru:
Gaskiyar Maman Biyu. Amma ku nemi ɗan unguwar ya raka ku, ku tambayi yanayin tsaro a ranar, kuma kar ku kai magariba. In kana son wanda ya fi sauƙi ma akwai Wildlife Park ta hanyar Miango, inuwa ce ko'ina, ranar Talata ko Laraba shiru kake ji, Sallah da Kirsimeti ne ake cika. Assop Falls kuma, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, ni dai bazan kai yarinya 'yar shekara 5 da damina ba.

Baban Yara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Lamingo zamu fara ranar Laraba in sha Allah. Ɗan Mambila, akwai masauki a Serti? Ina so ni da babban mu leƙa a Janairu.