Neman suna: kwandon gorar da Sinawa ke turara abinci a ciki

Masu rubuta girke-girke da Hausa, da masu fassara, da iyayenmu mata da suka fi mu sanin madafa, don Allah ku matso kusa. Akwai wani kayan girki da ya fara yawo a bidiyoyi da shagunan intanet, kuma har yanzu kowa da yadda yake kiransa. Turawa na ce masa bamboo steamer, Sinawa masu abin na cewa zhenglong, Japanawa kuma seiro. A wajenmu wani ya rubuta "sitima", wani "kwandon Chaina", wani ya bar shi da Turancinsa a tsakiyar zancen Hausa. So nake mu tsayar da suna ɗaya. Ra'ayina shi ne mu ce madambacin gora. Da na fara faɗin haka, wasu sun rubuto da ƙorafi da tambayoyi da nasu sunayen, zan kuma amsa musu a nan.

Ga siffarsa, don wanda bai taɓa riƙe shi ba. Zobe ne na gora da aka fere ta yi faɗi, aka lanƙwasa ta har ta zagayo. Zurfinsa bai wuce tsawon yatsa ba, faɗinsa kuwa, wanda aka fi sayarwa don amfanin gida, wajen santimita 25 ne. Gindinsa tsinkayen gora ne a jere, an ɗaure su, an bar 'yar tazara tsakaninsu inda tururi zai bi. An gyara bakin kowane zobe yadda gindin na sama zai zauna daram a kansa, saboda haka sai a ɗora biyu ko uku, a gidajen abinci ma har fiye, tururin tukunya ɗaya ya ratsa su duka. Can sama akwai murfi saƙaƙƙe, shi ma na gora. Ba a ɗora shi kan wuta kai tsaye. Kasko mai faɗi ake zuba wa ruwa a aza shi a kai, ruwa na tafasa a ƙasa, abinci na nuna a sama.

Sirrinsa yana cikin murfin nan. Duk wadda ta taɓa yin alkubus ta san yadda murfin ƙarfe ke tara zufa, ta taru ta ɗiga a kan ƙullu, sai ka ga saman ya yi jagab, ya yi tabo-tabo. Shi ya sa ake naɗe murfin da ƙyalle. Murfin gora shanye zufar yake yi, ya bar sauran tururin ya sulale ta tsakanin saƙa. Abin da aka turara sai ya fito da santsi a sama, ba ɗigon ruwa ko ɗaya, ga wani ɗan ƙamshin itace mai daɗi da ke kama shi, musamman idan kwandon sabo ne.

Su Sinawa sun daɗe a wannan harka. Tun kafin a zo ga gora, da yumɓu suke yin tukunya mai hawa biyu: ta ƙasa ta ruwa, ta sama mai huje-huje a gindi, wadda suke kira zeng. Daga baya suka riƙa ƙera ta da tagulla. A shekarar 1976, da aka tona kabarin Fu Hao, matar sarki Wu Ding na daular Shang, a Anyang ta lardin Henan, cikin kayan da aka samu har da wata irin wannan tukunya ta tagulla mai gindi ɗaya dogo da tukwane uku a jere a kai. Matar nan ta rayu sama da shekara 3,000 da suka wuce. Yanzu ku sake karanta wancan bayani: tukunyar ruwa a ƙasa, tukunya mai huje-huje a sama. Wace Bahaushiya ce za a siffanta mata wannan ta ce ba ta san sunansa ba? Madambaci ne. Kalmar zeng ta Sinawa da madambaci namu abu ɗaya suke nufi, kuma kwandon gorar nan aikin zeng ɗin ya gada. A kan wannan na kafa hujjata: a kira abu da sunan aikinsa, tunda aikin yana da suna a wurinmu, sannan a ƙara abin da aka yi shi da shi.

Wata Hajiya ta rubuto ta ce: "Ɗana, madambaci ai na dambu ne. Wannan kuwa in ka zuba tsaki a ciki duk zubewa zai yi."

Hajiya, Allah ya ƙara girma, maganarki gaskiya ce, tsaki zai bi ta tsakanin tsinkayen ya faɗa ruwa idan ba a yi shimfiɗa ba. Amma ko a namu na gida, idan hujin ya yi girma, ai ana shimfiɗa farin ƙyalle kafin a zuba. Kuma kin fi ni sanin cewa ba dambu kaɗai ake yi a madambaci ba: dashishi a nan ake turara shi, wasa-wasa ma haka, kuma ba wanda ya taɓa cewa a sake masa suna saboda yau ba dambu aka yi ba. Sunan ya riga ya yi tafiya sau ɗaya ma. Na kakanninmu na ƙasa ne, maginan tukwane ke gina shi su huda gindin tun yumɓu yana ɗanye. Da na ƙarfe da na dalma suka shigo, sunan ya bi su ba gardama. Haka murhu ya taso daga duwatsu uku ya zo ga murhun gawayi, ya zo ga murhun gas. In har sunan ya yarda ya koma kan ƙarfe, ban ga abin da zai hana shi zama kan gora ba.

Wani Malam mai koyar da Hausa ya kawo "maturari", daga turara, a kan tsarin mabuɗi da madubi da makami. Allah ya gafarta Malam, ginin kalmar ba shi da aibi, kuma na so ta ƙwarai da na fara ganin ta, don ta fi tawa gajarta. Inda ta faɗi shi ne a kunne. Ka shiga kowane gida ka ce a miƙo maka maturari, kaskon turaren wuta za a ɗauko. Wannan matsalar ce ta kashe "kwandon turare" da wasu suka kawo, domin akwai kwandon da ake kifawa a kan kasko a shimfiɗa tufafi su sha ƙamshi, kuma kowace amarya ta san shi. "Kwandon suraci" kuwa mai mura zai fara tuna wa mutum, da bargo a lulluɓe. Fi'ilin dai muna riƙe da shi: turara. A turara kifi, a turara kabeji, turararren nama. A nan ba a samun ruɗani, domin abin da ke biye da kalmar ya raba gardama.

Ƙanena da ka ce mu bar shi a "sitima" kawai, tunda ya fi sauƙi: ba na cikin masu ƙyamar aro. Firji, filas, kula, duk mun karɓe su sun zama namu, saboda sun zo da aikin da ba mu da sunansa. Wannan kuwa muna da shi. Sannan "sitima" ba ta bambanta komai ba. Ta lantarki sitima ce, ta ƙarfe sitima ce, har injin da ake kifa wa mata a ka a shagon gyaran gashi da wannan sunan ake kiransa. Idan yarinya a ƙauyen Maraɗi ko Ɗanbatta ta ji an karanta girki a rediyo an ce "ki ɗora sitima", ba abin da za ta gani a ranta. Idan aka ce "ki ɗora madambaci", ta san za ta zuba ruwa a ƙasa, ta san kada ruwan ya taɓo abinci, ta san kada ta bari tururi ya tsere ta gefe. Rabin darasin ya riga ya shiga ta cikin sunan. Wannan riba ce babba, kuma a banza za mu yar da ita in muka ari kalma.

Ƙorafin da ya fi nauyi a ganina shi ne na wata 'yar'uwa da ta ce a rubuce ba a bambanta gorar sanda da gorar ruwa, to kada mai karatu ya ɗauka kwalba ake nufi. 'Yar'uwa, kin taɓo wuri mai muhimmanci. A baki karin sautinsu daban ne, amma rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne tsarin da sunan ya hau: tukunyar ƙasa, cokalin ƙarfe, kujerar roba, gadon kara. A irin wannan jeri kalma ta biyu tana faɗin abin da aka yi kayan da shi ne. Kuma idan da ɗanyen kayan gorar ruwa ta gargajiya ake nufi, ba gora za mu ce ba, duma za mu ce, kamar yadda muke cewa ludayin duma. Saboda haka "na gora" a wannan gurbi ma'ana ɗaya ta rage masa. Wasu sun ce a sa gwangwala a maimakonta. A'a, gwangwala reshen tukurwa ce, wani tsiro ne daban, kuma mai saye yana da haƙƙin sanin abin da yake saye.

An kuma tambaya: to irin na Laos da arewa maso gabashin Tailan fa? Su ma da kwandon gora suke turara shinkafarsu mai danƙo, bayan sun jiƙa ta ta kwana, amma nasu, wanda suke kira huad, buɗaɗɗen baki ne da shi, ya tsuke ta ƙasa, ana cusa gindinsa cikin wuyan tukunya. Shi ma madambacin gora ne, hasali ma ya fi na Sinawa kusa da yadda muke dambu. In ana son rarrabewa sai a ce na Sin mai hawa-hawa, na Laos mai tsini. Sunan da ya ɗauki biyun duka bai gaza ba ke nan.

Alhaji, na ga abin da ka rubuto, cewa a zirga-zirgarka ta kasuwanci a birnin Guangzhou na ƙasar Sin ka sha ganin kwandunan nan jibge a ƙofar gidajen shayi suna tururi da safe, amma ka ƙi kusanta. Ka yi daidai da ka kiyaye. Da yawa daga cikin 'yan ƙananan abincin da suke kira dim sum a can da Hong Kong, irin su siu mai da char siu bao, da naman alade ake yin su. Haka xiaolongbao, wani curin ƙullu mai nama da romo a ciki, na garin Nanxiang, kusa da Shanghai, wanda sunansa ma daga kwandon ya samo asali, domin "long" ɗin da ke tsakiya shi ne dai "long" na zhenglong. Gora kuma tana shan maiƙo, don haka wanda aka riga aka yi irin wannan girki a ciki kada a saye shi na hannu. Amma kwandon kansa ba shi da laifi. Musulmin Sin, 'yan ƙabilar Hui, a unguwarsu ta birnin Xi'an, a cikinsa suke turara nasu da naman sa ko na rago. Akwai kuma mantou, burodin alkama da ake turarawa ba komai a cikinsa, abincin yau da kullum a arewacin ƙasar, wanda duk mai cin alkubus zai gane shi a loma ta farko.

Suna ba ya tabbata sai ya shiga jimla ya zauna. Ga gwaji, da sunayen sassansa a ciki. Kowane zobe mu ce masa hawa, na sama murfi, abin da ake sawa a gindi shimfiɗa, jam'i kuma madambatan gora.

"Ki zuba ruwa a kasko mai faɗi yadda zai taɓo gefen madambacin ta ƙasa, amma kada ya kai tsinkayen. Ki yi shimfiɗa da ganyen kabeji, ko ganyen ayaba, ko takardar gashi da aka hurhuda. Ki jera curin ƙullun, ki bar tazarar yatsa biyu tsakaninsu don za su kumbura. Abin da ya fi jinkirin nuna shi za ki sa a hawan ƙasa, ganye a hawan sama. Idan ruwa ya tafasa ki rufe, ki ba shi minti 12 zuwa 15. Ki kashe wuta ki ɗan jira kafin ki buɗe, kada su sace. Ki ɗaga murfin ta ɓangaren da ba ya fuskantarki."

Ban ji inda harshe ya yi tuntuɓe ba. A kasuwa ma haka: "Kana da madambacin gora mai hawa biyu?" Ko mai shagon bai taɓa jin sunan ba, zai san ɓangaren da zai duba.

Ga mai tambaya ko za a iya yin namu abincin a ciki: ƙwarai kuwa. Alala a ganye ko a gwangwani tana yin kyau, alkubus ya fi fitowa da santsi, dambu kuma sai da ƙyalle kamar yadda Hajiya ta ja hankalinmu. Kifi a ɗora shi kan ƙaramin faranti tare da citta da albasa mai lawashi, a sa farantin a ciki, a bar rata a gefe don tururi ya wuce. Mai matsakaicin kauri minti 8 zuwa 10 ya ishe shi, romonsa kuma ya taru a farantin. A ajiye butar ruwan zafi a kusa don ƙari, domin da zarar kaskon ya ƙafe, gindin madambacin ne zai fara babbakewa, ya yi baƙi, ɗacin hayaƙin ya kama abinci.

Tambaya ta ƙarshe da na gani ta wanki ce. Kada a jiƙa shi cikin ruwan sabulu, gora za ta sha ƙamshin ta mayar wa abinci a girki na gaba. Ruwan ɗumi da soso mai taushi sun isa. A rarraba hawa-hawan, a jingine su a inuwa inda iska ke kaɗawa har su bushe ƙarau. Da damina kada a kulle shi a leda ko a durowa da sauran danshi, fumfuna zai yi. Da hunturu kuma, in ya daɗe a ajiye ya bushe da yawa, a ɗan tsoma gindinsa a ruwa kafin a ɗora, don kada ya tsage.