Risiba mai araha da za ta ɗauki sifiku masu ohm 3

Salam jama'a, don Allah a taimaka, abin nan ya ishe ni. Ina da tsohuwar hom tiyata irin mai haɗe da DVD, sifiku 5 da ufa ɗaya, injin ya ƙone amma sifikun lafiyarsu ƙalau, shi ne na ce bari in sayi risiba kawai, wato injin da ke karɓar sauti ya tura wa sifiku, in jona su.

Na aro ta abokina don gwaji kafin in zuba kuɗi. Sauti na fita daidai in ƙasa-ƙasa ne, amma da na ɗan ƙara murya kamar minti 10 sai ta yi zafi ta kashe kanta. Na sake yanke bakin wayoyin, na tabbata ba su taɓa juna ba, na sa mata fanka ma, duk a banza. Sai daga baya na duba bayan sifikun na ga ohm 3 ne (ma'aunin turjiyar sifika ga wutar lantarki), ita kuma risibar 6 zuwa 16 aka rubuta mata. Ufar kuwa ko motsi ba ta yi, don ba ta da amfilifaya a cikinta, ramin ufa na risibar kuma sigina kawai yake bayarwa.

Na leƙa wajen 'yan gwanjo, masu sauƙin kuɗin yawanci na Amurka ne, volt 120, sai da taransifoma, wasu ma babu HDMI ARC (hanyar da ke dawo da sautin TV zuwa risiba ta wayar HDMI), kuma ita nake so saboda TV ɗina.

To akwai risiba 5.1 (ta sifiku 5 da ufa ɗaya) mai araha, ta volt 220 mai ARC, da za ta ɗauki sifikun ohm 3 ba tare da ta riƙa mutuwa ba? Na gode.