Neman kalma: ɗakin da ake ba baƙo haya na 'yan kwanaki, me za mu kira shi a rediyo?

Mai Shirin Dare (Aboabo): Salamu alaikum jama'a. Jibi Alhamis bayan isha'i zan karanta sanarwa a shirinmu na Hausa, kuma tun jiya kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Maganar masu ba baƙo ɗaki ko gida sukutum na kwana uku, kwana biyar, mako biyu ce, irin waɗanda suke sa hotunan ɗakunansu a Airbnb. Hukumar Yawon Buɗe Ido ta Gana, GTA, tana so su yi rajista su karɓi lasisi, kamar yadda dokar 2011 mai lamba 817 ta tanadar wa masu sana'ar saukar da baƙi, su kuma riƙa karɓar harajin kashi 1 cikin 100 daga hannun baƙo suna miƙa wa hukuma. Rajista da lasisi ba su ba ni wahala ba. Shi wurin ne ban san sunansa ba. Samarinmu "shotlet" suke cewa. In na faɗi haka tsofaffi ba za su gane ba, in na ce otal kuma masu abin za su ce ba da su ake ba. Disamba, lokacin da baƙi suke yawa, ga ta nan tafe. Ku agaza.

Ɗan Nima: Gidan haya mana. Ina abin wahala a nan?

Mai Shirin Dare: Ɗan'uwa, ka ce gidan haya a Kumasi ka ga abin da zai zo wa mutum a rai: ciki da falo, da maigida yana neman kuɗin shekara biyu a dunƙule, duk da dokar haya ta 1963 wata shida ta ce. In na faɗi haka, washegari rabin masu gidajen Asawase za su kira ni suna tambaya ko su ma an ƙaƙaba musu sabon lasisi.

Tica Mai Ritaya: Masauki. Ko masaukin baƙi. Kalma ce tsaf, kowa ya san ta.

Hajiyar Sawaba: Tica, da girmanka, masauki ba zai kama ni ba, alhali ni ake nema da sanarwar. A gidana akwai ɗakin zaure da marigayi Alhaji ya ware. Duk wanda ya zo daga Bawku ko Salaga jinya ko biki, nan yake sauka, tabarma da buta da tuwon dare, ba a taɓa karɓar ko fesuwa ɗaya ba. Shi muke kira masauki. Sannan akwai ɗaki biyu a sama da ɗana na Jamus ya gina. Tun 2019, shekarar da aka yi gayyar baƙaƙen fata na Amurka su dawo gida, jikata ta sa su a waya. Baƙo ya biya ta Momo, wato tura kuɗi ta waya, tun kafin ya iso, in ba shi makulli, in cika masa tanki, in sa wa mita kuɗi. Ya tafi in cire zanin gado in wanke, in share gashi a makewayi, wani ya shigo da la'asar. Wannan ba karamci ba ne, sana'a ce. Amma in na ji "masu masauki su je su yi rajista" ina tsinkar zogale, wallahi ko ɗaga kai ba zan yi ba.

Mai Shirin Dare: Hajiya, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. To a gida me kuke ce wa ɗakunan sama?

Hajiyar Sawaba: Ɗakin boga, wato na mutanenmu mazauna ƙasashen waje in sun zo gida. Ko da baƙon daga Tamale ya zo.

Baban Nahawu: Abin kunya ne a ce mu, mu da kanmu, muna lalube a kan wannan. Kakanninmu ne suka kawo wannan sana'a ƙasar nan. Fataken goro da suke bin hanyar Gwanja, in sun iso Salaga wurin wa suke sauka? Wurin maigida. Ya ba su ɗaki, ya adana musu kaya, ya haɗa su da mai saye, ya ɗauki la'adarsa. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da mutane suka watse, da wannan tsari suka bazu garuruwa. Wurin da ayari yake sauka ya huta ya wuce sunansa zango. Ga kalma a hannunmu. A ce "masu zango su yi rajista", shi ke nan.

Ɗan Nima: Allah gafarta Malam, a Gana fa muke. Ka ce masu zango su yi rajista, da safe Sarkin Zango ne zai ɗaura rawani ya tafi ofis da 'yan rakiya.

Baban Nahawu: To a ƙera sabuwa. Hausa tana da ma'aunin sunan wuri: makaranta, masallaci, majema, mahauta. Daga kwanta sai makwanci. Makwancin baƙi.

Tica Mai Ritaya: Malam, yaushe rabonka da jin "makwanci" ba a cikin "Allah ya haskaka makwancinsa" ba? So kake a ce rediyo ya kira masu maƙabarta?

Ɗan Nima: Tunda abin ya zama haka ni ma ga tawa: kwanan gida.

Hajiyar Sawaba: Kai yaro, ka kiyaye ni. Da gidana kake.

Ɗan Nima: Tuba nake Hajiya, wasa ne.

Bakano a KNUST: Ku yi haƙuri in sa baki, shekarata biyu ke nan a jami'ar KNUST a Kumasi. A daidaitacciyar Hausa ba a wannan dogon zance. "Gidajen haya na wucin gadi" za a ce a wuce. Matsalar ita ce Hausar nan ta riga ta gauraya. Mutanen da suke cewa "yarinya ya zo" su ne za su ƙera kalma?

Ɗan Nima: Ga shi nan an fara. Mu da muke jin Hausa da Tuwi da Turanci, wasunmu har da Dagbani, kai da ka zo da harshe ɗaya da rabi za ka koya mana? Ranar da ka ɓata a kasuwar Kejetia da wace Hausar aka nuna maka hanya?

Bakano a KNUST: Ban ce ba a gane ku ba. Cewa na yi akwai ma'auni.

Tica Mai Ritaya: Ma'aunin naka ma bai auna daidai ba. Wucin gadi na abin da ba zai daɗe ba ne, kamar gwamnatin wucin gadi, ko gadar wucin gadi bayan ambaliya. Ɗakunan Hajiya da bulo da siminti aka gina su. Baƙon ne ba ya daɗewa, ba gidan ba.

Baban Nahawu: Ni duk ba wannan ne ya dame ni ba. Ku duba sanarwar: rajista, lasisi, otal, ga kuma shotlet. Ina Hausar take? A ce takardar izini, a ce shigar da suna. Muna ji muna gani harshe yana zagwanyewa.

Tica Mai Ritaya: Ita "haya" da ba ka yi ƙorafi a kanta ba, daga bakin Bature muka karɓe ta, ta zauna har ta yi jikoki. Haraji da izini kuma na Larabawa ne. In za a mayar wa kowa kayansa, da kurman rediyo za a yi ranar Alhamis.

Baban Nahawu: Aron da ya kwana ɗari daban, na jiya daban.

Mai Shirin Dare: Iyayena, don Allah. Furodusa yana son takardar gobe da azahar. Ga abin da na tsinta. Masauki ya ba ni baƙo, haya ta ba ni kuɗi, saura abin da zai nuna ba zaman shekara ba ne. Masaukin haya na 'yan kwanaki. Ya yi tsawo, na sani.

Hajiyar Sawaba: Wannan in na ji zan ajiye zogalen. Amma ka faɗi Airbnb ko sau ɗaya, don jikata ce za ta cika takardun, ita kuma sunan da ta sani ke nan. Kuma ka fayyace harajin nan. Ni da na ji kashi 1 na zaci daga aljihuna zai fita.

Mai Shirin Dare: A kan kuɗin baƙo ake ɗora shi, Hajiya. Ɗakin sidi 500 ya zama 505, ke riƙon amana kawai kike yi ki miƙa. Harajin da hukumar tara haraji ta ƙasa, GRA, take karɓa a kan abin da kika samu kuma maganarsa daban. Zan raba su a sanarwar.

Baban Nahawu: To wannan ba la'ada ba ce?

Tica Mai Ritaya: La'ada dillali ne yake ci. Wanda Airbnb suke yanka, shi ne la'ada. Na hukuma haraji ne, kada ka ruɗa masa takarda.

Bakano a KNUST: In za ku saurare ni a karo na biyu, a labarai ana cewa "bashi na gajeren zango", "shiri na dogon zango". Me zai hana "haya ta gajeren zango"? Ta fi "'yan kwanaki" kama da harshen hukuma.

Baban Nahawu: Ato! Zango dai. Kun zaga kun zaga kun dawo inda na tsaya tun farko, sai da Bakano ya faɗa kuka ji.

Ɗan Nima: Ba wanda ya ce ya ji tukuna.

Mai Shirin Dare: Ga yadda zan yi. A kanun sanarwa: "masu ba da masaukin haya na gajeren zango, irin su Airbnb". A cikin bayani kuma zan riƙa cewa "masaukin 'yan kwanaki", don shi ne zai shiga kunnen su Hajiya. Lasisi yana nan a lasisinsa, Malam ka yafe ni, in na ce takardar izini za a zo mini da takardar izinin gini.

Baban Nahawu: Ban gamsu ba, amma shirinka ne. Makwanci dai ina nan da ita, wata rana za ku neme ta.

Tica Mai Ritaya: Dukanmu za mu neme ta, Malam, amma Allah ya sa ba a wannan Disambar ba.

Hajiyar Sawaba: Ƙarfe nawa ne shirin? In gaya wa maƙwabciyata ta kunna, ita ɗaki huɗu gare ta kuma har yanzu cewa take yi 'yan'uwan mijinta ne suke zuwa.