Neman shawara: zan fita da 'yan ajina ziyarar tarihi, yaya zan yi su ƙaru?

Malamar CM1:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ni malama ce a wata lakwal nan cikin Damagaram, ina riƙe da CM1, wato aji biyar na firamare. Bara na kai yarana gidan tarihi, wallahi na dawo raina a ɓace, ba laifin kowa ba ne, ni ce ban shirya komai ba. Mun shiga gaba ɗaya kamar garke, mai bayani yana magana na gaba suna ji na baya suna ture-ture, wasu ƙishirwa, wata ta yi kuka takalminta ya tsinke. Washegari na ce kowa ya faɗi abu ɗaya da ya gani, yaro ɗaya ne ya ɗaga hannu ya ce madam mun ga ƙadangare a bango. Abin ya tsaya min a rai har yau. Bana ina so in sake amma don Allah me zan ba su su yi a can, ba kallo kawai ba? Ba mu da kuɗin foto-kwafi mai yawa.

Mushe mai ritaya:
Wa alaikis salam ɗiyata. Kuskuren da kowa ke yi ke nan, ni ma na yi shi lokacin da nake koyarwa. Yaro ba ya ganin abin da bai ji labarinsa ba. Kwana uku kafin ku tafi ki ajiye littafi ki ba su labarin garinsu da Hausa, kamar tatsuniya. Sarki Tanimu da ya kewaye Birni da ganuwa har ya sa maƙera suka zuba masa igwa a nan cikin gari, ya rasu 1884. Sai Kazamaju, kyaftin ɗin Faransa da aka kashe a nan 1898 zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, shekara ta kewayo Nasara suka dawo aka gwabza a Tirmini 1899. Ki gaya musu nan ne babban birnin ƙasa kafin a maida shi Yamai a 1926, za ki ga idanunsu sun buɗe, da yawa ba su taɓa jin haka ba. In yaro ya shiga da wannan a kansa, takobi ko sirdi ya gani zai tsaya da kansa.

Malamar CE2:
Yaya ni da nake riƙe da aji huɗu, abin da ya yi min aiki shi ne raba su. Goma-goma, kowane rukuni da babba ɗaya, na roƙi iyaye mata biyu daga kwamitin lakwal suka raka mu. Kowane yaro kaye da kiriyon kawai. Na rubuta tambaya uku a tablo suka kwafa tun a aji: da me aka yi shi, wa ke amfani da shi, akwai irinsa a gidanku yau? Sai kowa ya zaɓi abu ƊAYA ya zauna gabansa ya zana. Wata yarinya da ba ta buɗe baki a aji ta zana ƙwarya da duk zanen jikinta, ta ce kakarta na da irinta a saman gado, ranar ta yi ta magana har muka koma.

Uban yara uku:
Malama ku tafi da sassafe don Allah, kafin goma, kuma ku riƙe ruwan leda. Kuɗin adaidaita ku sanar da mu sati guda kafin nan, ba ana gobe ba.

Wani ɗan Birni:
Ni a ganina kada ki tsaya gidan tarihi kaɗai. Ki bi da su lungunan Birni da ƙafa, su ga zanen da magina ke yi a fuskar gidaje, su ga ragowar ganuwa da manyan duwatsun nan, ku tsaya ƙofar fada su ga dogarai da jajayen rigunansu. Sai dai ki aika a nemi izini tukuna, fada ba a faɗa mata haka nan da yara. In da hali ku biya wajen dukawa, a can ne yaro zai taɓa fata ya ji warinta ya tambayi mai ɗinki, abin da ba za a bar shi ya yi ba a cikin gidan tarihi.

Mushe mai ritaya:
Na manta. In kun dawo ki ce kowa ya kawo tsohon abu daga gida da izinin iyaye, faifai, tsohon kuɗi, mazari, akushi, ku jera a kusurwar aji kowa ya rubuta sunan abin da Hausa da Faransanci a 'yar takarda. 'Yan CP, wato aji biyu, su zo kallo, naki su yi musu bayani.

Malamar CM1:
Allah ya saka da alheri, baba na kwafe labarin nan duka. Gobe zan ga direkta kan maganar izini da iyayen da za su raka mu. Yaya mai CE2, zanen nasu minti nawa kika ba su? Nawa in sun wuce minti goma a zaune sai a fara tsokana.

Malamar CE2:
Minti goma sha biyar ya isa, ki riƙa zagayawa kina tambayar kowa me ya zaɓa. Kuma ki zo da kiriyon na ajiya ko biyar, dole wasu su manta nasu.