Ina so in rufe barandar sama da gilashi, masu sani ku ba ni shawara

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Gidana a Agege bene ne hawa ɗaya, sama akwai doguwar baranda tana kallon yamma, toh madam ta ga irin ɗakin gilashin nan na turawa a Instagram, wanda rana ke shiga ta ko'ina an jera fulawa da kujeru, tace sai mun mayar da barandar haka, har kwanon ma a cire a sa rufi mai haske. Ni kuma ruwa ne damuwata, da Yuni ya kama feshi har ƙofar falo, ko tabarma ba a isa a bari a wajen ba. Wanda ya taɓa yin irin aikin a nan Legas dan Allah ya yake? Gilashi duka ko rabi?

Mai Alminiyam Mile 12:
Wa alaikumus salam Alhaji. Sana'ata kenan, kuma wlh kar ka taɓa kwanon nan. Bature sanyi ne ya kore shi ya gina ɗakin gilashi, a Ingila rana nemanta ake, mu nan gudunta muke. Gilashi yana barin zafi ya shiga amma baya barinsa ya fita, kaman motar da aka faka a rana aka ɗaga gilasai, ga barandarka yamma take kallo, wato daga bayan azahar har magariba rana a cikinta zata yini, ga gumin Legas, ba mai iya zama.

Abin da nake yi wa mutane shine a ɗaga bulo zuwa ƙugu, sama a sa tagogin alminiyam masu buɗewa sosai, gilashi mai duhu, bayansu ragar sauro. In ruwa ya taso a ja a rufe, in ya ɗauke a buɗe iska ta ratsa. Kar mai walda ya lallaɓa ka da firam ɗin ƙarfe dan ya fi araha, danshin garin nan tsatsa yake sa masa, balle masu zama kusa da teku irin su Ajah. Tunda akwai yara manyan fallayen a sa gilashin da aka gasa, in ya fashe marmashewa yake ƙanana baya yin tsini irin wuƙa, sai dai ba a yanka shi bayan an gasa, dan haka awo ya zama daidai tun farko. Ka kuma tsaya a kansu su huda ƴan ramukan fitar ruwa a ƙasan firam su bi gefe da silikon, a nan yaran aiki suke ha'inci.

Maman Ummi Idi-Araba:
Baban Hanifa a dai yi wa madam adalci, mace na son inda zata zauna ta sha iska ba idon mutanen layi a kanta. Amma maganar Mai Alminiyam gaskiya ce. Yayata ta rufe tata ruf ba taga, damina ɗaya kujerun suka fara warin danshi, bayan kushin duk fumfuna baƙi-baƙi, dole aka sa esi, kuma kun san tun Afrilun 2024 da aka kai wa ƴan Band A, wato rukunin da aka fi ba lantarki, wuta naira 225 duk yunit ba kowa ke kunna esi da rana ba. A sa fanka ta sama da labule mai kauri ta ɓangaren yamma. Fulawa kuwa ai sun ma fi son iska.

Abu Sadik:
Ni bulon nan ne ban yarda da shi ba kai tsaye. Alhaji barandar akwai ginshiƙai a ƙasanta ko dekin ne kawai ya fito waje ba abin da ya tokare shi? In na biyun ne, jera bulo da filasta a bakinsa nauyi ne da wataƙila ba a lissafa da shi ba lokacin zuba rodi, birkila zai ce maka ba komai, shi kuɗin aikinsa yake gani. Ka kira injiniya ya duba tukuna. Sannan canza fasalin gini a Legas yana buƙatar izinin LASPPPA, hukumar ba da izinin gini ta jiha, ƴan LASBCA masu sa ido kan gine-gine kuma suna zagaye, kowa ya sha ganin jan fentin da suke shafa wa gine-gine.

Baban Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Abu Sadik ba ginshiƙi ko ɗaya, ƙasanta ma nan nake faka mota. Kenan bulo ya fita?

Mai Alminiyam Mile 12:
Toh in haka ne na janye bulon Alhaji, sai abin da injiniya yace. Ana iya rufe ƙasan da fallen alminiyam, ba shi da nauyi. Ƙarfen kariyar da ke bakin barandar a bar shi inda yake saboda yara, firam ya zauna ta ciki. Ka turo tsawo da faɗi mu gani.